Faifan garmaho: ajiya maganin wata rana

Kullum kalmar faifai tana bakinmu. An saki faifan bidiyo, wane ya turo faifan murya a WhatsApp, 'yan jarida sun samu wani faifai da ya tona asiri. Amma in ka tsayar da yaro ɗan shekara 15 a Magarya ko Dungas ka tambaye shi me ya haɗa saƙon waya da faifai, sai ya tsaya yana kallonka. Asalin faifai dai shi ne wanda iyayenmu mata ke saƙawa, a rufe ƙwarya da shi ko a yi bakace. Da aka kawo mana wani baƙin abu mai faɗi, zagayayye, wanda ake ɗorawa a kan garmaho ya yi waƙa, sai Bahaushe ya ga kama, ya ce wannan ma faifai ne. Daga nan sunan ya bi CD, har ya shiga waya. Sunan yana nan da ransa, mai sunan kuwa yana ƙasan adaka, zafi da gara suna cin shi.

Ni malamin makaranta ne, kuma ra'ayina a kan wannan magana bai da tsawo. Tsofaffin faya-fayan da suka rage a gidajenmu takardun tarihi ne, darajarsu ɗaya da tsohuwar wasiƙar sarki ko littafin da kaka ya rubuta da alƙalamin kara. Yadda muke ajiye su a yau, cikin shekaru kaɗan babu wanda zai saura da za a iya saurara. Gyaran kuwa bai fi ƙarfin talaka ba. Yana buƙatar sani kaɗan da kulawa, kuma mu malamai ne ya kamata mu shige gaba.

Bari mu tuna yadda abin ya shigo ƙasarmu. Magarya da kewayenta ƙasar gyaɗa ce. A shekarun 1950 da 1960, kafin farin 1973 da 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, kuɗin kaka yana shiga hannun manomi. Gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa, har masana'antar matse mai aka yi a Magarya. Ga Najeriya kuma a ƙofar gida: ɗan Dungas ya leƙa Maigatari, ɗan Magarya ya bi ta Tinkim ya faɗa ƙasar Daura ko ya wuce Kano. Wanda ya sayar da gyaɗa ya samu rara, sai keke, sai rediyo, sai garmaho. 'Yan cirani, da direbobi, da tsofaffin soja, da alhazai, kowa yana dawowa da nasa faifai. Da kaset ya yaɗu, wanda kamfanin Philips ya fito da shi tun 1963, ga araha ga sauƙin ɗauka, sai aka tura garmaho ƙarƙashin gado.

Mu da muke cikin shekaru arba'in da wani abu 'yan zamanin kaset ne, amma mun tarar da ragowar. A gidajen abokai da na iyayen ɗalibaina, daga Bande zuwa Waca, na ga faya-fayan Mamman Shata masu tambarin kamfanin EMI, na ga na Ɗan Maraya Jos, na ga na waƙoƙin finafinan Indiya, da na makaɗan Kwango, da na Larabawa. Na kuma ga inda aka yi marfin tulu da faifai, da inda mai shayi ya buga wa guda uku ƙusa a bangon rumfarsa don ado, da inda yara ke wurgi da shi suna kallon yadda yake shawagi. Ba na zargin kowa. Mutum ba ya tattalin abin da ba a taɓa gaya masa darajarsa ba.

Abin da ke ba ni kunya shi ne waɗansu sun riga mu sanin wannan daraja. A 1963 wani masanin kiɗa mai suna Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar da na'urar ɗaukar murya, kamfanin Ocora na Faransa ya buga abin da ya ɗauka a faifai biyu, ɗaya na makaɗa da maroƙa, ɗaya na makiyaya. A daidai wannan lokaci wani Ba'amurke, David Ames, ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau da Katsina, aka buga shi faifai biyu a jerin faya-fayan UNESCO. Waɗannan suna nan lafiya lau a ɗakunan karatu na Turai da Amurka, shekara 60 bayan an yi su. Namu da kakanninmu suka saya da guminsu, su ne ke narkewa a ƙarƙashin kwano.

Na san abin da matasa za su ce: Malam, ai duk waɗannan waƙoƙi suna cikin memori, suna kuma YouTube. Wannan magana tana da gaskiya rabi. Je wurin mai tura waƙa a tasha ka ce ya sa maka Shata. Zai cika maka kati, amma duba sunayen: waƙa ta ɗaya, waƙa ta biyu, wata an rubuta sunan wani mawaƙi daban, wata an yanke farkonta, wata an kwafe ta daga kaset zuwa kaset har muryar ta dusashe kamar ana magana a cikin rijiya. Babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan 'yan amshi. Faifai kuwa yana zuwa da shaidarsa a jikinsa: sunan kamfani, lambar bugu, sunan waƙa, wani lokaci har hoton mawaƙi da ƙasar da aka buga. Sannan abin da ke intanet shi ne abin da wani ya ga damar ɗorawa. Manyan mawaƙa sun samu shiga, ƙananan da suka yi faifai ɗaya ko biyu suka koma gona ba wanda ya tuna da su. Wataƙila kwafin da ya rage a duniya na muryar wani daga cikinsu shi ne wanda ke rufe da tulu a Malawa.

Kada a ɗauka zancen baka nake yi. Mamman Sani, mai kiɗan ogan da 'yan Nijar suka daɗe suna jin sautinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ya ɗauki kiɗansa a 1978, aka fitar da kaset kaɗan, sannan aka manta. Bayan shekaru fiye da 30 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai. A 2013 aka sake buga shi, a kan faifan roba kuma, har dattijon ya je Turai yana wasa. Da wanda ya adana wannan kaset ya bar shi a rana, da shi ke nan. Kuma kada mu dogara cewa kamfanoni suna riƙe da asali. A 2008 gobara ta cinye wani rumbun kamfanin Universal a Amurka, dubban ainihin naɗe-naɗen manyan mawaƙansu suka ƙone. In haka ta samu masu kuɗi da 'yan kwana-kwana, ina ga kamfanonin da suka yi aiki a Legas da Kano suka rufe tun tuni?

Akwai kuma wanda zai ce shi ya tuba da jin kiɗa, ba ya son abin a gidansa. Ina girmama wannan. Sai dai a duba kafin a ƙone, don ba kiɗa kaɗai ake sa wa a faifai ba. Karatun Alƙur'ani cikakke na farko da aka naɗa, na Shehu Mahmud Khalil al-Husari a Masar a 1961, a faya-fayai ya yaɗu cikin duniya. Akwai na jawabai, akwai na koyon harshe. Wanda kuma yake na kiɗan ne, a cikinsa akwai sunayen sarakuna da garuruwa, da labarin yunwa da yaƙi, da kalmomin da suka fita daga bakin mutane. Wanda ba ya so ya saurara, ya miƙa wa wanda zai adana don nazari. Masanin tarihi yana karanta wasiƙar da bai yarda da abin da ke cikinta ba, kuma ba ya yaga ta.

Wani kuma zai ce ana fama da tsadar hatsi da azuzuwan zana, wa ke ta faifai? Ni ma a irin waɗannan azuzuwa nake koyarwa, na san zafin. Amma abin da zan lissafa a ƙasa bai kai kuɗin tiyar gero ba. Mafi yawansa ma canza wa abu wuri ne kawai.

Da farko a san cewa faifai iri biyu ne, kuma abin da ke gyara ɗaya yana iya kashe ɗaya. Akwai tsohon, mai nauyi, mai tauri, wanda in ya faɗi yake fashewa kamar tangaran. Da wani irin ƙaro aka yi shi, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasar Indiya, shi ya sa zan kira shi faifan ƙaro. Yana juyi 78 a minti ɗaya, kowane gefe kamar minti uku. Sai na baya, faifan roba, dangin robar da ake yin bututun ruwa. Babbansa kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, faɗinsa santimita 30, yana juyi 33 da sulusi, kowane gefe yana ɗaukar kamar minti 20. Ƙaraminsa mai juyi 45 kamfanin RCA ya fitar a 1949, sau da yawa da babban rami a tsakiya. Yawanci an rubuta lambar juyin a takardar tsakiya. Dukansu sautin yana cikin wata siririyar tsaga ce da ta nannaɗe daga baki zuwa ciki, kamar kwarin kunya guda ɗaya da ya zagaye gona. A babban faifai, in da za a miƙe tsagar gefe ɗaya, za ta kusa rabin kilomita. Duk kulawar da ake yi, wannan tsaga ake karewa.

Babban abokin gaba a ƙasarmu zafi ne. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa. Ɗakin kwano da tsakar rana ya fi haka, akwatin ƙarfe a cikin ɗakin kwano kuwa tanda ce. Faifan roba yana fara laushi tun kafin zafi ya kai na tafasar ruwa da nisa, wajen digiri 60 ya isa ya kantare shi, in kuma akwai nauyi a kansa ko yana jingine a karkace, ƙasa da haka ma ya isa. Manyan ɗakunan adana kayan tarihi suna riƙe nasu a wajen digiri 20, mu ba mu da wannan, kuma ba sai mun yi ƙarya ba. Abin da muke da shi shi ne ɗakin ƙasa. Soro mai kaurin bango ya fi kowane ɗakin siminti da kwano sanyi, kuma zafinsa ba ya hawa da sauka da sauri, wanda shi ne abin da faifai ya fi so. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gida, inda ake ajiye randa ko magani, nesa da taga, nesa da murhu, nesa da bangon da rana ke duka da yamma. Kada a bar faifai a mota ko a bayan babur da rana ko na rabin awa.

Na biyu, faifai a tsaye yake kwana. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jibga su ɗaya kan ɗaya kamar faranti. Na ƙasa yana ɗaukar nauyin duka, ƙurar da ke tsakani tana nutsewa cikin tsaga, na ƙaro kuma yana tsagewa. A jera su a tsaye kamar littattafai a kanta, kada a matse su har sai an ja da ƙarfi, kada kuma a bar su su kwanta a karkace. In sun yi kaɗan a cikin akwati, a cike gurbin da kwali. Manya da manya, ƙanana da ƙanana, na ƙaro daban da na roba. Akwatin katako ya fi na ƙarfe, kuma kowane kafinta a kasuwar Magarya zai iya haɗa shi da ragowar katako, faɗi da tsawo su ɗan wuce santimita 33. Wanda ya riga ya kantare a bar shi yadda yake. Kada a gwada miƙe shi da dutsen guga ko a shanya shi a rana a danne da dutse, don tsagar ce za ta narke. Masu na'urar kirki suna iya kwafe sauti daga faifan da ya ɗan lanƙwashe.

Na uku ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigo mana da ita ta kowace kafa, kuma busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jan ƙura, kamar yadda riga ke manne wa jiki tana ƙas-ƙas. Ƙurarmu yashi ce. In allura ta bi ta kanta, kamar an goga wa tsagar takardar sassabe katako ne. Saboda haka kowane faifai yana buƙatar riga. In ta asalin tana nan, a riƙe ta ko ta tsufa, don rubutun da ke jikinta rabin tarihin ne. In babu, a naɗe farar takarda mai tsabta a yi masa aljihu. Jarida ba ta dace ba, tawadarta tana zuba. Leda mai kauri mai ƙyalli ma haka, tana mannewa da zafi ta bar tabon da ba ya fita. Wajen ɗauka kuma, a riƙe shi ta baki da takardar tsakiya. Yatsan da ya taɓa ƙosai ko man shafawa yana barin maiƙo, maiƙo yana kama ƙura, damina ta zo ya yi fumfuna.

Na huɗu ruwa da ƙwari. Mun ga abin da daminar 2024 ta yi, har tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba. Ɗakin ƙasar da na yaba wajen sanyi yana da nasa haɗari a watan Agusta. Don haka kada akwati ya zauna a ƙasa. A ɗora shi a kan bulo ko benci, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, kamar dai yadda muke ɗaga rumbu a kan duwatsu. Gara ba ta cin roba, amma tana cinye kwali da takardar tsakiya ta bar laka a tsaga, faifai ya zama marar suna. Kyankyaso da ɓera ma takardar suke bi. Busasshen ganyen bedi a ƙulle cikin ƙyalle, a ajiye a kusurwar akwati, yana taimakawa, kamar yadda ake yi wa tufafi. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a jikin faifai. A buɗe akwati a duba sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

Sai wanki, inda mai kyakkyawar niyya ya fi yin ɓarna. Kada fetur, ko kananzir, ko turare, ko omo su kusanci faifai. Alkol ɗin asibiti kuwa yana narkar da faifan ƙaro nan take. Abin da ake so shi ne tataccen ruwa, irin farin da ake ƙara wa batirin mota ko na sola, a tabbata ba mai asid ba ne. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishiri da laka, in ya bushe sai ya bar su a tsaga. A fara kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Sannan a ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo ɗaya a cikin kofi, a jiƙa ƙyalle mai laushi, a goga a hankali ana bin zagayen tsaga, kada a ratsa ta. A ɗauraye da tataccen ruwan, a kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, a jingine shi a inuwa ya bushe sarai kafin a mayar riga. Na ƙaro ba a jiƙa shi ya daɗe. Akwai wani iri na uku da ba a cika samu ba, wanda gidajen rediyo ke yankawa guda ɗaya tak: cikinsa ƙarfe ne ko gilashi, an shafe shi da baƙin fenti, sau da yawa sunan da hannu aka rubuta. Wanda ya samu irin wannan kada ya wanke, kada ya kunna. Shi ne mafi rauni, kuma mai yiwuwa ba shi da na biyu.

Kunnawa ma tana da ƙa'ida. Garmahon da ake wanawa da hannu an yi shi ne don faifan ƙaro. Kansa yana danna allurar ƙarfe da nauyin da ya wuce giram 100, kuma ƙa'idarsa a canza allura bayan kowane gefe. Na'urar lantarki ta faifan roba kuwa nauyin allurarta giram 2 ne ko 3. In ka ɗora faifan roba a tsohon garmaho, juyi ɗaya ya isa ya huɗe tsagar har abada. Haka in allura ta dakushe, ko aka ɗaura mata kwabo don kada ta yi tsalle. Wanda ba shi da na'urar da ta dace, haƙuri ya fi. Faifan da ba a kunna ba bai rasa komai ba. Kaset ma, wanda ya fi yawa a gidajenmu, dokar zafi da ƙura ɗaya ce, sai ƙarin a nisanta shi da lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana goge sauti.

Bayan an adana jiki, sai a adana labari. A nan wayar da ake cewa ta kashe faifai za ta yi masa aiki. A ɗauki hoton takardar tsakiya gefe biyu, da kwali gaba da baya. A samu littafi a rubuta: wane ne ya saye shi, a wace kasuwa, a wace shekara in an tuna, a wane biki aka fi kunna shi. Tsofaffin da suka san wannan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In an samu mai na'urar kirki ya kwafe sautin zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kuma kada a ce tunda an kwafe a yar da asalin. Katin memori yana mutuwa ba sallama. Faifan da aka kula da shi kuwa ya riga ya nuna yana iya wuce shekara 70.

Wuri biyu ne faya-fayai suka fi salwanta: ranar rabon gado da ranar da mai saye ya zo. Wajen gado, ana lissafa gona da dabbobi, akwatin faifai kuwa a bar wa yara, ko a raba shi bibbiyu ya watse. Shawarata magada su daidaita a bar shi wuri ɗaya a hannun mai kula, in da hali a yi masa kuɗi a cikin rabo. Game da masu saye, a sani cewa kasuwar faifai ta farfaɗo a duniya. A Amurka, a 2022, yawan faifan roba da aka sayar ya wuce na CD, karo na farko tun 1987. Kamfanoni irin su Analog Africa na Jamus sun gina sunansu a kan nemo tsofaffin faya-fayan Afirka ta Yamma suna sake bugawa, kuma sun dawo da sunan makaɗa da dama da aka manta, kamar ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano. Ban ce kada a sayar ba, kayan mutum nasa ne. Amma kada a ba da buhu guda a kan jaka ɗaya ko biyu don ɗaki ya yi fili. A ɗauki hoto, a kwafe sauti, a tambayi wanda ya sani, sannan a yi ciniki ido buɗe.

Me ya sa na ce malamai ne za su shige gaba? Saboda a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Kuma a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, a 1973. Duk wanda ya tsaya gaban allo yana koyar da Hausa ya san ƙarancin kayan aiki. Muna neman nassin da za mu ba yara, muna neman misalin karin magana da kirari da Hausar da ba ta gauraya ba, alhali ga ta a bakin Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, da Narambaɗa, da Ɗanƙwairo, da namu Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. Littafi yana ba yaro kalma a rubuce. Naɗaɗɗiyar murya tana ba shi yadda ake furta ta, da inda ake ja, da inda ake saukewa. Harshen da sautinsa ke bambanta ma'ana, kamar namu, ba ya wadatuwa da takarda kaɗai.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba tare da jiran kasafin kuɗi daga Yamai ba. UNESCO ta ware 27 ga Oktoba a matsayin ranar kayan tarihi na sauti da hoto. Ranar ta zo mana daidai: damina ta wuce, an koma makaranta, hunturu bai kankama ba. Kowane malamin Hausa ko na tarihi, daga Sasumburum zuwa Dogo-Dogo, ya ba ɗalibansa aikin gida su tambayi kakanni ko akwai faifai ko tsohon kaset, su kwafo abin da ke rubuce a jiki, ba tare da sun ɗauko kayan ba. A haɗa sunayen a littafi ɗaya a makaranta. Makarantun horar da malamai su sa wannan cikin aikin ɗalibansu na zuwa ƙauye. Gidajen rediyon al'umma su ba da minti goma su bayyana wa mutane dokar zafi, da tsayuwa, da wanki. In jerin ya taru, sai mu tunkari waɗanda aikinsu ke nan: jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ke ɗauke da sunan mutumin da ya rubuta tarihin daular Damagaram, da cibiyar IRSH, da CELHTO da aka kafa a Yamai a 1968 don tattara tarihin baka, da cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya. Wanda ya je da jeri a hannu ya fi wanda ya je da koke samun kunne.

Kafin nan, kai mai karatu, in ka san akwai irin wannan akwati a gidanku, kada ka jira kwamiti. Yau ka fitar da shi daga ɗakin kwano, ka tayar da faya-fayan tsaye, ka ɗaga su daga ƙasa, ka zauna da tsohon da ya saye su ka rubuta abin da zai gaya maka. Aikin yamma ɗaya ne. Bazara mai zuwa ba za ta tambayi ko mun shirya ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.